Hoton jijiyoyin jinin huhu da na'urar MRI

Hoton jijiyoyin jinin huhu da na'urar MRI wata hanya ce ta binciken asibiti wadda ake amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo domin fito da surar jijiyoyin da jini ke bi tsakanin zuciya da huhu. Likitoci na kiran wannan bincike MRA na huhu a taƙaice. Ana yin sa ne don a gano gudan jini da ya toshe jijiya, ko jijiyar da ta tsuke, ko ta kumbura, ko wadda aka haifi mutum da ita a karkace. Ana kuma auna yawan jinin da ke wucewa da saurinsa.

Babban abin da ya bambanta shi da hoton CT shi ne ba ya amfani da radiyeshin irin na eksire, kuma ba ya buƙatar sinadarin aidin. Sai dai huhu na cikin gaɓoɓin da suka fi wa na'urar MRI wuyar ɗauka, saboda cike yake da iska kuma ba ya daina motsi. Wannan ya sa har yanzu hoton CT ne kan gaba idan ana zargin toshewar jijiyar huhu ta gaggawa, shi kuwa MRA ana zaɓa wa wasu rukunin marasa lafiya ne a asibitocin da suka ƙware a kansa.

Suna

Harufan MRI da MRA taƙaitawa ce ta sunayen Ingilishi. Harafin ƙarshe na MRA yana wakiltar kalmar anjiyografi, wadda aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin mazubi ko magudana, ɗayar kuma na nufin rubutu ko zane. Ke nan ma'anar kalmar ita ce zana magudanan jini. A Hausa kalmar jijiya ta ƙunshi abubuwa da dama, har da jijiyoyin motsi da na jin taɓi, saboda haka a wannan maƙala duk inda aka ce jijiya, ta jini ake nufi.

Tsarin jijiyoyin huhu

Jinin da ya gama zagaya jiki yana komawa ɓangaren dama na zuciya, oksijin ɗinsa ya ragu. Daga nan zuciya ke tura shi cikin wata babbar jijiya guda ɗaya, wadda ke rabuwa gida biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗayan ya nufi na hagu. Huhun dama yana da sassa 3, na hagu yana da 2, kuma kowane sashe ya kasu zuwa ƙananan yankuna. Jijiyar tana bin wannan rabe-rabe kamar rassan bishiya, tana ƙara sirancewa har ta kai ga 'yan mitsi-mitsin jijiyoyin da suka kewaye jakunkunan iska. A can ne jini ke karɓar oksijin. Sannan ya taru a cikin jijiyoyi masu dawo da jini, waɗanda a yawancin mutane guda 4 ne, su zuba shi a ɓangaren hagu na zuciya.

Duk jinin da zuciya ke harbawa, kimanin lita 5 a minti ɗaya ga baligin da ke hutawa, dole ne ya ratsa huhu. Shi ya sa toshewar babbar jijiyar huhu ke iya kashe mutum cikin ɗan lokaci, domin ɓangaren dama na zuciya ba shi da kaurin tsokar da zai jure turawa a kan hanyar da ta toshe.

Yadda na'urar ke aiki

Mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma a kowane ƙwayar ruwa akwai haidirojin. Cibiyar ƙwayar zarrar haidirojin, wadda ake kira furoton, tana da ɗabi'a irin ta ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka shigar da mutum cikin na'urar, furoton ɗin jikinsa sukan karkata su bi layin babban maganaɗisun. Sai na'urar ta aika igiyoyin rediyo su ture su daga wannan layi. Yayin da suke komawa yadda suke, sukan fitar da wani raunannen sigina, wanda na'urar ke kamawa, kwamfuta kuma ta mayar da shi hoto.

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da ma'aunin tesla. Na'urorin da aka fi yin wannan bincike da su masu tesla 1.5 ne ko tesla 3. Tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. A wannan ƙarfi furoton na amsa igiyar rediyo mai kimanin megahaz 64, a tesla 3 kuma kimanin megahaz 128.

Abin da ya sa huhu ke da wuyar ɗauka

Dalilai uku ne. Na farko, iska ta mamaye yawancin huhu, don haka furoton ɗin da za su ba da sigina kaɗan ne idan aka kwatanta da hanta ko ƙwaƙwalwa. Na biyu, a duk inda iska ta haɗu da nama, filin maganaɗisu yakan ɗan jirkice, kuma huhu yana da miliyoyin irin waɗannan mahaɗai. Sakamakon haka siginar naman huhu takan dushe cikin kusan kashi 1 zuwa 2 cikin dubu na daƙiƙa a na'ura mai tesla 1.5. Na uku, numfashi da bugun zuciya suna motsa huhu, kuma motsi na ɓata hoton MRI kamar yadda rawar hannu ke ɓata hoton kyamara.

Wannan duhu na naman huhu yana da ɗan amfani ta wani gefen. Idan aka haska jinin da ke cikin jijiyoyi, sukan fito fes a kan baƙin fage.

Tarihi

A shekarar 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowannensu da tawagarsa a Amurka, suka gano yadda cibiyar ƙwayar zarra ke amsa igiyar rediyo a cikin maganaɗisu. Sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1952. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna cewa za a iya haɗa hoto daga wannan sigina, shi kuma Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham da ke Ingila ya samar da dabarun hanzarta ɗaukar hoton. An ba su biyun kyautar Nobel ta likitanci a 2003. A 1977 tawagar Raymond Damadian ta ɗauki hoton ƙirjin mutum da irin wannan na'ura, aikin da ya ɗauki sa'o'i kafin a samu hoto ɗaya.

Na'urorin farko sun yi jinkirin da ba za su iya fito da jijiyoyin huhu da kyau ba. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1988 aka fara sayar da sinadarin haska hoto mai ɗauke da ƙarfen gadoliniyam. A farkon shekarun 1990 kuma Martin Prince ya ɓullo da dabarar ɗaukar hoton jijiyoyi mai fuska uku a daidai lokacin da sinadarin ke ratsa su. Da na'urori suka ƙara sauri, sai ya yiwu a kammala ɗauka cikin riƙe numfashi guda. A 1997 James Meaney da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwada hanyar a kan marasa lafiya 30 da ake zargin suna da gudan jini a huhu, kuma sakamakon ya ƙarfafa gwiwar masu bincike su gwada ta a kan mutane da yawa.

Nau'o'in ɗaukar hoton

Akwai hanyoyi da dama, kuma galibi akan haɗa biyu ko uku a zama ɗaya.

Hoto da sinadarin haskawa. Wannan ce hanyar da aka fi bi. Ana zuba sinadarin gadoliniyam ta jijiyar hannu, yawanci milimol 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki. Sinadarin na sa furoton ɗin jini su koma layinsu da sauri, sai jini ya yi haske sosai. Gudan jini kuwa sinadarin ba ya shigarsa, don haka yakan bayyana a matsayin baƙin gurbi a tsakiyar jijiya mai haske, ko kuma a ga jijiyar ta yanke kwatsam.

Hoto mai bin lokaci. A nan ana ɗaukar hotuna da yawa a jere, kusan ɗaya a kowace daƙiƙa, ana bin sinadarin tun daga shigarsa zuciya har ya bazu cikin naman huhu ya fita. Hotunan ba su kai na hanyar farko kaifi ba, amma suna nuna yankin huhun da jini bai isa ba. Irin wannan yanki yakan fito da siffar dala, faɗinsa na kallon haƙarƙari, tsininsa na nuna wurin da jijiya ta toshe.

Hoto ba tare da sinadari ba. Akwai tsarin ɗauka da ke sa jini ya yi haske da kansa. Ya dace da wanda ba za a iya ba shi gadoliniyam ba. Yana nuna gudan jini a manyan jijiyoyi, amma ƙananan rassa sukan kuɓuce masa. Masu bincike a Jamus sun kuma samar da hanyoyin da mutum ke numfashi yadda ya saba, kwamfuta ta ware sauyin siginar da numfashi ya haifar daga wanda bugun zuciya ya haifar, ta zana taswirar shigar iska da ta shigar jini.

Awon gudun jini. Wannan hanya tana auna saurin jini da yawan da ke wucewa ta wata jijiya a kowane bugun zuciya. Da ita ake kwatanta jinin da ke zuwa huhu da wanda ke zuwa sauran jiki, abin da ke nuna girman ɓula ko karkatacciyar hanya a zuciya.

Yadda ake gudanar da binciken

Kafin a shiga ɗakin na'urar, ma'aikata kan tambayi mara lafiya ko akwai ƙarfe ko wata na'ura a jikinsa, ko yana da ciwon ƙoda, ko ya taɓa samun matsala da sinadarin haska hoto. Mace akan tambaye ta ko tana da juna biyu. Ana cire agogo, waya, makullai, 'yan kunne, sarƙa, katin banki da duk wani abu mai ƙarfe.

Mara lafiya zai kwanta rigingine, a ɗora masa faifan kama sigina a ƙirji, a sa masa kanula a hannu, a toshe masa kunnuwa saboda ƙarar na'urar, sannan gadon ya shige cikin ramin maganaɗisun. Ma'aikaci yana magana da shi ta lasifika. Idan lokacin ɗauka ya yi, za a ce ya riƙe numfashi na kimanin daƙiƙa 15 zuwa 20. Dole ne a daidaita wannan da isowar sinadarin, domin cikin 'yan daƙiƙoƙi yake wucewa daga jijiyoyi masu kai jini zuwa masu dawo da shi. Idan aka yi gaggawa jijiyoyin ba su cika ba, idan aka makara kuma sinadarin ya riga ya tsarma. Tsawon zaman ya danganta da abin da ake nema. Neman gudan jini kaɗai bai cika daɗewa ba, amma idan an haɗa da awon zuciya yakan kai kusan sa'a guda.

Cututtukan da ake bincika

Toshewar jijiyar huhu da gudan jini. Yawanci jinin na daskarewa ne a jijiyoyin cikin ƙafa ko ƙugu, gudan ya ɓalle ya bi jini ta zuciya ya maƙale a huhu. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya bayyana wannan hanya a tsakiyar ƙarni na 19. Abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da tiyata, doguwar jinya a kwance, karaya, ciwon daji, juna biyu da lokacin jego, da wasu magungunan tazarar haihuwa. Alamominta su ne sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji, saurin bugun zuciya, wani lokaci tari da jini ko suma. Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Idan hoto ya kasa ganin gudan, ana iya sallamar mutum ya je ya mutu a gida. Idan kuma ya nuna gudan da babu shi, za a ɗora mutum kan maganin tsinka jini na aƙalla wata 3, tare da haɗarin zubar jini ba gaira ba dalili.

Hawan jinin huhu. Wannan daban yake da hawan jinin da aka sani. Tun 2022 ƙa'idojin likitocin Turai suka sa iyakarsa a matsakaicin matsin da ya haura milimita 20 na ma'aunin zaiba a jijiyar huhu. Ana tabbatar da shi ne ta hanyar zura siririyar roba cikin zuciya, amma MRI na cikin hanyoyin da suka fi dacewa wajen auna girma da ƙarfin ɓangaren dama na zuciya, kuma ana iya maimaita shi don bin ci gaban magani. Akwai nau'in da ke tasowa idan tsohon gudan jini bai narke ba, ya zama tabo a bangon jijiya. Gano wannan nau'i na da muhimmanci domin ana iya cire tabon ta hanyar tiyata.

Nakasar zuciya da jijiyoyi ta haihuwa. Yaran da aka haifa da tsukakkiyar jijiyar huhu, ko waɗanda jijiyoyinsu masu dawo da jini ke zubawa a ɓangaren da bai dace ba, suna buƙatar hoto akai-akai har girmansu. A wurinsu guje wa radiyeshin babbar riba ce, domin illarsa taruwa take yi a tsawon rayuwa.

Haɗewar jijiyoyi ba bisa tsari ba. Wani lokaci jijiya mai kai jini takan haɗe kai tsaye da mai dawo da shi, jini ya wuce bai karɓi oksijin ba kuma ba a tace shi ba. An fi ganin haka a wata cutar gado mai sa yawan haɓo, kuma yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Sauran amfani. Ana duba tsarin jijiyoyi masu dawo da jini kafin aikin ƙona tushen rikicewar bugun zuciya, tun bayan da Michel Haïssaguerre da tawagarsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna a 1998 cewa rikicewar kan taso daga bakin waɗannan jijiyoyi. Ana kuma amfani da hoton wajen cututtukan kumburin bangon jijiya irin su Takayasu da Behçet, da wajen bambance gudan jini da ƙarin da ya tsiro cikin jijiya, domin ƙari na shan sinadarin haskawa, sabon gudan jini kuwa ba ya sha.

Ingancin binciken

Babban gwajin da aka yi wa wannan hanya shi ne wanda ake kira PIOPED III, wanda aka wallafa a 2010. An gudanar da shi a cibiyoyi 7, a kan manya 371. A kashi 25 cikin 100 na mutanen, hoton bai yi kyan da za a yanke hukunci da shi ba, kuma wannan adadi ya bambanta daga kashi 11 a wata cibiya zuwa kashi 52 a wata. A inda hoton ya yi kyau, ya gano kashi 78 cikin 100 na masu gudan jini, ya kuma wanke kashi 99 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. Da aka haɗa da hoton jijiyoyin cinya, ganowar ta kai kashi 92, amma sai fiye da rabin mutanen suka zama ba su da cikakken hoto mai kyau.

Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne idan MRA ya ga gudan jini, da wuya a ce ƙarya ne, amma rashin ganinsa ba ya tabbatar da babu shi, musamman a ƙananan rassa. Masu binciken sun ba da shawarar a yi amfani da hanyar a cibiyoyin da suka saba yin ta da kyau kaɗai, kuma ga waɗanda sauran gwaje-gwaje ba su dace da su ba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2019 ba su amince a dogara da MRA wajen kore zargin gudan jini ba. Duk da haka wasu asibitocin koyarwa, musamman a Amurka, suna amfani da sababbin na'urori masu sauri wajen duba matasa, domin rage musu radiyeshin.

Kwatanci da sauran hanyoyi

Hoton CT na jijiyoyin huhu yana kammala cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana nuna ƙananan rassa, yana kuma bayyana wasu cututtukan kamar namoniya. Aibinsa shi ne radiyeshin da sinadarin aidin, wanda wasu jikinsu ba ya karɓa. Akwai kuma gwajin nukiliya da ke kwatanta shigar iska da shigar jini a huhu, wanda ya fi amfani wajen tantance tsohuwar toshewa. Tsohuwar hanyar zura roba har cikin jijiyar huhu a zuba sinadari yanzu an fi yin ta ne idan za a yi magani a lokaci guda. MRA ya fi su haɗa surar jijiya, tafiyar jini da aikin zuciya a zama ɗaya, amma ya fi jinkiri da tsada, kuma yana da wuya ga wanda numfashi ke gagara, wato ainihin wanda ya fi buƙatar amsa cikin gaggawa.

Haɗari da kariya

Maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana. Yana iya fizgo tukunyar oksijin ko almakashi da ƙarfin da zai raunata mutum. Masu ɓarɓashin ƙarfe a ido, da masu wasu tsofaffin maƙalan jijiyar ƙwaƙwalwa, ba a shigar da su. Yawancin sababbin na'urorin daidaita bugun zuciya an ƙera su yadda za a iya shiga da su, bisa wasu sharuɗɗa. Masu tsoron matsattsen wuri da ƙananan yara akan ba su maganin kwantar da hankali ko na barci.

A 2006 aka danganta gadoliniyam da wata cuta mai taurara fata da gaɓoɓi a jikin masu ciwon ƙoda mai tsanani, musamman masu wankin ƙoda. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a 2007, kuma cutar ta ragu ƙwarai bayan an fara duba ƙoda tare da komawa ga nau'o'in sinadarin da suka fi riƙe ƙarfen. A 2014 masu bincike a Japan suka ba da rahoton alamun taruwar gadoliniyam a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa allurar sau da yawa, kuma a 2017 Tarayyar Turai ta dakatar da wasu nau'o'insa. Sinadarin yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, don haka ana guje masa ga mai juna biyu sai da larura. Wasu cibiyoyi na maye gurbinsa da ferumositol, wani maganin ƙarancin jini mai ɗauke da baƙin ƙarfe da aka amince da shi a Amurka a 2009. Yana daɗewa cikin jini, abin da ke ba da damar maimaita ɗauka, amma shi ma wasu jikinsu na ƙin sa ƙi mai tsanani.

Samuwar na'urar a Afirka ta Yamma

Wani ƙidaya da aka wallafa a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin maganaɗisu ne. Hoton jijiyoyin huhu yana buƙatar na'ura mai sauri, da wutar lantarki marar yankewa, da ruwan hiliyam na sanyaya maganaɗisu, da ma'aikatan da suka saba aikin. A yankin akwai cututtukan da ke jawo hawan jinin huhu, kamar sikila, ciwon zuciya mai biyo bayan ciwon maƙogwaro, ƙanjamau, da nau'in tsargiya mai taɓa hanta. Ga masu irin waɗannan cututtuka, gwajin zuciya da na'urar sauti shi ne matakin farko da aka fi samu, sannan a tura wanda ke buƙatar ƙarin bincike zuwa asibitin da ke da CT ko MRI.